Hannu da Takarda: Tarihin Horar da Masu Koya wa Manya Sana'a a Ƙasar Kano

Gabatarwa

 

Duk wanda ya bi diddigin abin da aka rubuta game da tarihin ilmin manya a ƙasar nan zai tarar an fi ba da ƙarfi ga gwamnatocin da suka kafa hukumomi, da gine-ginen da aka yi, da yawan mutanen da aka yaye. Wanda ba a cika tunawa da shi ba shi ne mutumin da ke tsayawa gaban ajin, ya kama hannun magidanci ko matar aure ya nuna musu yadda ake riƙe alƙalami ko almakashi. Wannan maƙala a kansa take. Ina so in waiwayi yadda aka riƙa zaɓensa da horar da shi da kula da shi, tun kafin zuwan Turawa har zuwa yau.

Na yi shekaru ina aikin duba azuzuwan manya a karkarar Kano, kuma abin da na karanta da abin da idona ya gani sun taru a kan magana guda. Mai koya wa baligi sana'a yana bukatar abu biyu: hannun da ya ƙware a sana'ar, da dabarar koyar da babban mutum. Duk lokacin da aka haɗa masa biyun nan, aka kuma ci gaba da leƙa shi, aikin ya yi albarka. Duk lokacin da aka raba su, aka ba wani takarda aka bar wani da hannu, sai kayan aiki su yi tsatsa, ɗalibai su watse.

Kafin Zuwan Turawa

Kano gari ne na sana'a tun fil azal. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) take, kuma da Baturen nan Heinrich Barth ya iso Kano a 1851 ya yi mamakin yawan saƙa da rini da yadda tufafin Kano ke kai wa ƙasashe masu nisa. Babu masana'antar da za ta kai wannan matsayi sai da tsarin koyarwa mai ƙarfi a bayanta, ko da kuwa ba a rubuta shi a takarda ba.

Tsarin shi ne zama ƙarƙashin maigida. Yaron maƙera yakan fara da jan zugazugi, ya daɗe yana kallon wuta kafin a bar shi ya ɗauki masaba. Yaron marina yakan fara da ɗebo ruwa da toka kafin ya san yadda ake haɗa baba a karofi. Abin lura a nan shi ne, wannan hanya malamai take haifarwa a lokacin da take haifar da ma'aikata. Kafin mutum ya buɗe tasa maƙerar, ya riga ya yi shekaru yana nuna wa ƙannensa a sana'a abin da aka nuna masa, maigida na kallo yana gyara masa. Wato ya yi gwajin koyarwa a gaban ubangidansa. Sa'an nan a bisa kowace sana'a akwai shugaba, kamar Sarkin Maƙera da Sarkin Magina da Sarkin Aska da Sarkin Fawa, wanda ke tsawata wa mai ha'inci, yana kuma raba gardama. A Zazzau an ga yadda sarauta ke ɗaukaka gwani, domin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ya bar zuriyar magina da unguwa mai amsa sunansa har yau.

Ta fannin koyar da manya kuwa, misali mafi kyau daga Sakkwato yake. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1793–1864) ta ga cewa matan ƙauye ba za su iya barin gidajensu su zauna a gabanta ba. Sai ta zaɓi dattijan mata masu mutunci, waɗanda ake kira jaji, suna zuwa mata da ayarin da aka sani da 'Yan Taru. Takan koya musu karatu cikin waƙoƙi masu sauƙin hadda, ta naɗa wa jaji malfa da jan ƙyalle a matsayin shaida, su koma su koyar, bayan wani lokaci su dawo su ƙaro. Ko da yake addini da kyawawan halaye ne jigon karatun, duk wani sharaɗin kula da malami yana ciki: an zaɓe ta daga cikin jama'arta, an horar da ita, an ba ta abin koyarwa, an girmama ta a bainar jama'a, kuma ba a yanke hulɗa da ita ba.

Makarantar Ɗan Hausa

Turawa sun ci Kano a 1903. A 1909, zamanin Sarki Abbas, Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa. Gidan da ya zauna yana nan, ana kiran sa Gidan Ɗan Hausa. Makarantar tana da sassa: na malamai, da na 'ya'yan sarakuna, da na elementare, da na sana'a. Ɗaliban sashen malamai manya ne waɗanda suka riga suka yi karatun allo da na littattafai, aka ƙara musu boko da lissafi domin su koyar ko su yi aikin En'e. A sashen sana'a kuwa, gwanayen gari aka ɗauko, irin su dukawa da maƙera da masu ɗinki, suka zama su ne masu koyarwa. Ba a tambaye su takarda ba, aikin hannunsu aka duba.

Wannan haɗi bai daɗe ba. Bayan ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1914, Ɗan Hausa ya bar ƙasar, makarantu suka bazu larduna. A 1921 aka kafa Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, wadda ta yaye mutane irin su Sir Ahmadu Bello da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da Alhaji Abubakar Imam. Babu mai musun alherin wannan kwaleji. Amma daga lokacin ne kalmar "malamin makaranta" ta koma tana nufin mai Turanci da lissafi da tarihi. Wajen 1930, da aka sake tsarin ilmi aka kafa makarantun Midil, sai makarantun sana'a na larduna suka narke a cikinsu, aikin hannu ya zama darasi ɗaya cikin darussa. A ganina, a nan ne hannu da takarda suka fara raba hanya. Mai takarda ya sami matakin albashi da ƙarin girma da fansho, gwanin sana'a ya zama ɗan taimako a gefen makaranta.

Yaƙi da Jahilci

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin mulkin mallaka ta fara gwajin azuzuwan manya a wasu wurare na Arewa. A 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da shahararren ƙudurinsa a Majalisar Arewa yana neman a gyara mulkin En'e, maganar wayar da kan talakawa ta ƙara ƙarfi. A cikin wannan yanayi ne aka ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci a farkon shekarun 1950, kuma sunan Malam Ahmadu Kumasi na Katsina ba ya rabuwa da wannan aiki, domin ya jagorance shi a Jihar Arewa.

Dattawan da suka ga wannan zamani za su tuna yadda abin yake. Malamin aji yawanci ɗan garin ne, wanda ya gama elementare, ko ma wanda shi kansa a ajin manya ya koyi karatu. Akan tara su a yi musu gajeren kwas, a nuna musu yadda za su bi littafin farko shafi bayan shafi. A bisa su akwai jami'in tsarawa mai zagaya azuzuwa, yana duba rajista, yana kai alli da littattafai. En'e ke biyan ɗan alawus, hakimi da dagaci suna sa ido. Saboda haka malamin ya san ana ganin aikinsa, kuma in ya yi ƙoƙari labari zai kai gaba.

Abu na biyu da ya riƙe shi shi ne abin karantawa. Tun 1939 ake buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, a 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya, sa'an nan aka kafa Hukumar NORLA domin samar wa sababbin masu karatu littattafai. Ta fitar da ƙananan littattafai masu araha a kan noma da kiwo da tsabta da zaman duniya, ga kuma jaridun larduna kamar Sodangi ta Kano, da Himma ta Katsina, da Zaruma ta Sakkwato, da Bazazzaga ta Zariya. Malamin ƙauye yakan sami sabon abu a hannunsa a kai a kai, shi ma yana ƙaruwa. Da aka rufe NORLA a 1959, wannan rijiya ta fara ƙafewa.

Sai dai Yaƙi da Jahilci yana da iyakarsa. Karatu da rubutu da ɗan lissafi ne manufarsa. Manomi ya iya karanta takardar haraji da ma'aunin gyaɗa, wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma ba a horar da malamin ya haɗa karatun da sana'ar ɗalibinsa ba. Ya sami dabarar koyarwa daidai gwargwado, sana'ar kuwa tana can kasuwa a hannun wasu.

Daga 1977 Zuwa 1990

Shekarun nan su ne na manyan tsare-tsare. A 1977 aka fitar da Manufar Ilmi ta Ƙasa, aka kuma kafa Hukumar Ilmin Fasaha ta Ƙasa, wato NBTE, mai hedikwata a Kaduna. A 1980 gwamnatin Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilmin Manya ta Jihar Kano, wadda ita ce irinta ta farko a Nijeriya, kuma a 1983 ta sami lambar yabo daga UNESCO. Ranar 8 ga Satumba 1982 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ƙaddamar da gangamin yaƙi da jahilci na ƙasa baki ɗaya na shekara 10. A wannan karon an yi niyyar gyara kuskuren baya, domin an buɗe cibiyoyin mata da na ci gaba da karatu inda ake koyar da ɗinki da saƙa da girki da buga tafireta tare da karatu.

A makarantun sakandare ma, tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiwatarwa a 1982 ya zo da darasin share fagen fasaha. An shigo da injuna daga ƙasashen waje aka rarraba wa makarantu. Sanin kowa ne cewa da yawansu sun tsufa a cikin akwatunansu, saboda babu wutar lantarki, babu ɗakin aiki, kuma babu malamin da ya san yadda ake ɗaura su. Na kawo wannan misali ne duk da cewa na yara ne, saboda ciwon ɗaya ne da na azuzuwan manya: an sayi doki kafin a nemi mahayi. An yi ƙoƙarin cike giɓin ta hanyar kwalejojin ilmi na fasaha, kamar ta Bichi da ta Gwambe da ta Gusau, kuma Jami'ar Bayero ta buɗe sashen ilmin manya. Amma wanda ya fito da babbar takarda daga waɗannan wurare ba kasafai yake komawa ajin yamma na ƙauye ba.

Daga 1986, da aka shiga shirin tsuke bakin aljihu na SAP, darajar Naira ta faɗi, alawus ɗin malamin manya ya zama abin da ba ya sayen mudun gero nawa. A 1990, shekarar da aka yi babban taron ilmi na duniya a Jomtien ta ƙasar Tailan, gwamnatin tarayya ta kafa Hukumar Ilmin Manya ta Ƙasa. Hukumomi sun ƙaru a sama, amma shi mai tsayawa gaban aji yana nan a matsayin ma'aikacin wucin gadi.

Abin da Na Gani a Fage

A nan zan ajiye littafi in faɗi abin da na shaida. Na taɓa duba wata cibiyar mata a wata ƙaramar hukuma, inda aka kai kekunan ɗinki sababbi. Malamar ajin yarinya ce mai ladabi, tana da takardar shaidar malanta, ta iya tsara darasi, rajistarta tsaf. Amma da zare ya fara tsinkewa a keke, sai a tura shi jikin bango a jira makaniki daga birni. Kafin shekara ta zagayo, rabin kekunan sun koma jikin bango. A garin nan kuwa akwai wani tela da ya haura shekara 30 a kan keke, wanda da jin ƙarar keke yake sanin ciwonsa. Na nemi a ɗauke shi, aka ce babu matakin albashin da za a sa shi, tunda ba shi da ko takardar firamare.

Na kuma ga akasin haka. A wani wurin an kawo kafinta gwani ya koyar da magidanta. Aikinsa babu na biyunsa, amma yadda aka koya masa haka yake koyarwa, da tsawa da gori. Ranar da ya ce wa wani dattijo "Kai, ba ka da kai ne?" a gaban surukinsa, dattijon ya ajiye zarto ya ce, "Malam, Allah Ya ba mu alheri," bai sake dawowa ba, kuma abokansa uku suka bi shi. Babba ba yaro ba ne. Ya baro gona ko rumfa ya zo, yana da iyali, yana da mutuncin da yake tsaro. Malamin da bai san ya kira shi "Baba" ko "Malam" ba, wanda bai san ya ja shi gefe ya gyara masa kuskure ba, ba zai riƙe shi ba komai gwanintarsa.

Azuzuwan da na ga sun ɗore suna da kama ɗaya. Malaminsu ya san ranar kasuwar garin, ya san ba a sa aji da safe a damina, ya san a watan azumi sai a sassauta. Lissafin da yake koyarwa na awon yadi ne da kuɗin katako da ribar ƙuli-ƙuli. Kuma a kowane ɗayansu na tarar akwai wani a bayansa, ko mai duba aiki da ke zuwa a kan lokaci, ko hakimi mai tambaya, ko tsohuwar malama da ke zama a ajin sabuwa tana gyara mata bayan an tashi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Inda Aka Kwana da Abin da Ya Kamata

A shekarun baya-bayan nan an ƙara gina cibiyoyin koyon sana'a a Jihar Kano, musamman tsakanin 2011 da 2015, kuma sana'o'in kansu sun sauya. Yau ana neman mai gyaran wayar hannu da mai haɗa wutar sola da mai aikin kwamfuta, ban da walda da kanikanci da aikin famfo. Wannan ya ƙara nauyin da ke kan malami, domin abin da ya koya shekara 10 da suka wuce ya tsufa. Wani abin ƙarfafa gwiwa shi ne tsarin shaidar ƙwarewa na ƙasa da NBTE ke kula da shi, wanda ya yarda a jarraba gwani a kan aikin hannunsa a ba shi takarda, ko da bai zauna a aji ba. Haɗin gwiwar da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta yi da masu sana'a na kasuwar Panteka ya nuna cewa abin mai yiwuwa ne. In da wannan hanya tana nan a lokacin, da telan da na ambata ya sami shiga.

Bisa wannan tarihi, ga shawarwarina ga hukumomi da malamai da iyayen ƙasa.

Na farko, a buɗe wa gwanayen kasuwa ƙofa. A jarraba su, a ba su shaida, a yi musu kwas na dabarun koyar da manya da Hausa, a kuma samar musu matakin albashi.

Na biyu, malamin da ya fito daga kwaleji a tura shi rumfar gwani a lokacin hutu, ya zauna ya ɓata hannunsa. Inda ba a sami mutum ɗaya mai abu biyun ba, a haɗa mutum biyu a aji ɗaya, kowa ya koya daga ɗan'uwansa.

Na uku, a dawo da zagayen duba aiki, kuma mai dubawa ya je da niyyar taimako, ya zauna har a tashi aji, ya saurari kukan malami. Ƙirga kawuna kawai ba dubawa ba ne.

Na huɗu, duk kasafin da aka yi na sayen injuna a ware kaso a cikinsa na horar da wanda zai yi aiki da su da kuma gyaransu. Alawus kuma, komai ƙanƙantarsa, a biya shi a kan kari.

Na biyar, a samar da littattafan sana'a da Hausa, kamar yadda NORLA ta yi a zamaninta, da kalmomin da masu sana'ar ke amfani da su a bakin aiki.

Na shida ya shafi iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni. Ranar yaye ɗalibai, a kira malamin da sunansa a gaban jama'a, a yi masa godiya. Malfar da Nana Asma'u ta naɗa wa jaji ba ta da tsada, amma ta sa an riƙe aikin shekaru masu yawa bayan rasuwarta.

Kammalawa

Wannan maƙala ta bi sawun mai koya wa manya sana'a daga maƙera da karofi, zuwa Nasarawa, zuwa azuzuwan Yaƙi da Jahilci, har zuwa cibiyoyin yau. An ga cewa kakanninmu suna yaye gwani da malami a mutum ɗaya, cewa tsarin boko ya ɗaukaka takarda ya bar hannu a baya, kuma cewa shirye-shiryen gwamnati sun fi yin tasiri a lokacin da malamin ke samun horo da abin karantawa da mai leƙa shi. Matasanmu marasa aikin yi suna da yawa, haka ma zawarawa da magidantan da ke neman abin dogaro, kuma kowane ɗayansu a hannun wani malami zai faɗa.

Ina roƙon malaman makarantu da ke karanta wannan su nemi tsofaffin malaman Yaƙi da Jahilci da suka rage a garuruwansu, da tsofaffin gwanayen sana'a, su zauna da su, su rubuta yadda aka koya musu da yadda suka koyar, tun kafin ƙasa ta rufe idonsu. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu, Ya sa aikinsu ya zama sadaka mai gudana. Mu kuma Allah Ya ba mu ikon riƙe amana. Amin.